Irin Gero a Kufan Birai

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Maradun ya san ba a shiga Kufan Birai hannu rabbana. Tsohon gini ne na duwatsu a kan tudu, ba wanda ya san maginansa, sai wasu fuskoki da aka sassaƙa a bango, sai birai. Mai shiga kan ajiye musu zangarniyar gero a bakin ƙofa, su ba shi hanya.

To, a shekarar da aka hana shuka don ruwan dam na Bakolori zai ci gonaki, wa ke da zangarniyar bai wa biri? Taiba dai ba ta da ita. Abin da take da shi 'yarta Nagode, wata bakwai, zawo na neman ƙarasa ta. Maganin kuwa sassaƙen wata itaciya ne da ke tsakiyar kufan. Ranar da za su yi ƙaura ta faki idon mijinta Jibo, ta hau tudun.

Shirun wurin ne ya fara tsinka mata zuciya. Birai jere a kan bango, duk ƙasusuwa a waje, ba mai ko motsi. Ta kwance goyo, ta kwantar da yarinyar a gindin itaciyar, ta hau saran sassaƙen.

Can sai ta waiwayo. Wani ƙaton biri mai furfura na zaune, ya riƙe ƙafar Nagode kamar mai taya akuya a kasuwar Talata. Ba yarinyar yake kallo ba. Ƙugun Taiba yake kallo.

A nan ta ɗaure ƙullin irin geronsu, wanda Jibo ya gada tun kakanni. Da safen nan ya damƙa mata, ya ce, "Ko mi za ki yas, ban da wanga."

Birin ya ja ƙafar kaɗan. Nagode ta buɗe baki, amma ba ƙarfin kuka.

Taiba ta kwance ƙullin, ta watsa nesa. Biran da ke kan bango suka zubo ƙasa gaba ɗaya, ƙaton ma ya saki ƙafar ya bi geron. Ta suri 'yarta da sassaƙen, ba ta waiwaya ba.

A gindin tudu ta tarar da Jibo da jakinsu, kaya a ɗaure. Ya dubi yarinyar, ya dubi ƙugun matarsa.

"Ina irin?"

Ta miƙa masa Nagode.