Ruwa a Ƙasan Gazuwal

A Matamaye kowa ya san Munkaila Na-Teku, duk da cewa babban ruwan da garin ya mallaka shi ne tabkin da damina ke bari. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Rani goma sha ɗaya ya yi yana gadi a Legas, a wata matsayar jiragen ruwa ta masu hali, kuma duk shekarar da ya dawo noma sai ya cika wa mutane kunne da labarin jirgin wani tsohon likita, wanda ake ɗaga wa ƙyalle kamar rumfar biki iska ta tura shi, in iskar ta ɗauke a tada masa injin gazuwal, wato man dizal. Mutane su yi ta dariya, suna tambayarsa abin da jirgi mai inji zai yi da zane.

Bana Munkaila ba ya son komawa. Gwiwoyinsa sun fara magana, kuma ya gaji da jin sunan jikokinsa ta waya. Da gumin shekarun nan ya sayi injin niƙa bara, ya kafa shi a rumfa a ƙofar gida, ya bar wa matarsa Balki ya tafi. Yanzu an gama kaka, sun zauna sun yanke magana ɗaya: in injin ya tsaya da ƙafarsa, Munkaila ya zauna gida. In ya ƙi, ranar kasuwa motar 'yan ci-rani za ta bi ta Ɗan Barto zuwa Kano, kuma da shi a ciki.

Injin kuwa kamar ya ji maganar ya ɗauki gaba da su. Wata ukunsa na farko lafiya lau ya yi, amma tun bazara ya koyi wani hali. Sai a tada shi ya kama aiki garau, mata su jera ƙorai, yana cikin gero na uku ko na huɗu sai ya yi tari, ya fesa farin hayaƙi, ya mutu. Matan unguwa tun suna jira har suka fara wucewa da hatsinsu a ka, suna gaida Balki ba tare da sun tsaya ba. Abin yana cinta ƙwarai, don mace ce da ba ta son a ga gazawarta.

Saura kwana uku motar ta tashi aka sake kiran Idi bakanike. Idi mutumin kirki ne, hannunsa na da kyau a kan babur, sai dai maganinsa na injin gazuwal guda ɗaya ne. Ya kwance filtar mai, ya zaro takardar cikinta, ga ta nan ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi. Ya wanke ta da fetur, ya ɗauko ƙusa ya shiga huda ta.

"Me kake yi haka, Idi?" in ji Munkaila.

"Hanya nake buɗe mata, Na-Teku. Ta toshe ne, mai ba ya wucewa."

"To in ka huda ta, me za ta tace?"

Idi ya yi murmushi. "Wannan karo na biyar ke nan da nake yi wa injin nan haka, kuma duk lokacin sai ya tashi. Tambayi uwargida."

Ya tashi kuwa. Ya niƙa tiya biyu ta dawa, ya yi tarinsa, ya mutu.

Munkaila ya ɗauki takardar ya matsa a tafin hannunsa, ya tsaya yana kallon abin da ya fito. Ya taɓa ganin takarda ta kumbura haka sau ɗaya, a cikin jirgin likita, kuma ya tuna abin da tsohon ya gaya masa ranar: datti toshe takarda yake yi, ruwa ne ke kumbura ta. Sai ya shiga gida.

"Balki, ina abin nan da na kawo shekara uku da suka wuce, mai kofin gilashi a ƙasa?"

"Tsarabata?"

"Ba tsaraba ba ce, filta ce."

"Ai ba ka faɗa ba. Na ga abu mai kyau a jakarka, na ɗauka nawa ne."

Tana can a cikin jeren kwanoninta, a sama, an goge ta tana sheƙi, kofin cike da allurai da maɓallai. Likita ne ya ba shi ita lokacin da ya sa wa jirginsa sabuwa, haɗe da takardu biyu da ba a buɗe ledarsu ba. Balki ta juye alluranta a murfin kwano tana ƙunƙuni, ta ce in injin ya fasa mata kofi to ya san inda zai samo wani.

Yinin ranar a kan injin ya ƙare. Munkaila ya sa Idi ya zubar da man da ke tanki, suka wanke shi, suka kwance bututun suka hura. Ya ɗaure filtar jirgi a jikin ginshiƙin rumfa, tsakanin tanki da inji, don mai ya fara bi ta cikinta. Ya shafa wa robar bakinta gazuwal da yatsa kafin ya ɗaure, da hannu kawai, ya hana Idi sa mata sifana. A ƙaramar filtar injin kuma suka sa sabuwar takarda da aka sayo a kasuwa, bayan Munkaila ya ɗaga uku a rana ya mayar, ya zaɓi wadda ninkinta ya fi yawa. Sannan ya sassauta ɗan kusurun sama har kumfa ta gama fita, mai ya zo sumul. Idi yana kallo yana cewa wannan aikin asibiti ne.

Aka ɗauko bido, wato jarkar gazuwal, daga zaure aka zuba, aka tada inji. Ya kama, ya yi ta aiki. Kafin la'asar sai ga abu ya kwanta a ƙasan kofin gilashin, fari tas, kaurin yatsa biyu, gazuwal yana yawo a kansa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya duƙa ya leƙa. Munkaila ya murɗa ɗan famfon ƙasa ya tsiyaye shi a gwangwani, ya miƙa wa Idi. Idi ya shinshina, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya ce ruwa ne, har da sanyinsa.

Nan take aka yanke wa Shekara mai gazuwal hukunci. Munkaila ya ɗauki kwalba ya nufi bakin tasha ransa a ɓace, ya sa Shekara ya zuba masa daga duron da yake sayarwa, ya zauna a kan benci yana jiran ruwa ya kwanta. Ya jira har aka kira magariba. Ko ɗigo babu. Shekara ya ce masa in ya gama kallon kwalbar ya gaida mutanen teku. Munkaila ya ba shi haƙuri ya dawo gida da kunya, ga kuma damuwa, don kofin yana cika da sauri, kuma takarda ɗaya ta rage masa. In bai gano ta inda ruwan ke shiga ba, gyaran na 'yan kwanaki ne. Jakarsa tana nan a ɗaure a bakin gado.

Da safe ya dawo daga masallaci, ya shigo zaure, sai ya tarar da Balki a duƙe da bokiti. Bidon gazuwal ɗin irin wanda ake ɗinke wa buhu a jiki ne, wanda kowane gida ke jiƙawa don ruwan sha ya yi sanyi. Tana kwarara masa ruwa tun daga ka, a hankali, yadda ake yi wa jariri wanka. Murfin ya tsage tun tuni, an naɗa masa leda.

"Balki, me kike yi?"

"Sanyaya shi nake. Tun bazara na ji ana cewa zafi na shanye mai. Kullum sai na jiƙa shi, safe da azahar, ban taɓa fashi ba."

Ta ɗago ta ga fuskarsa. Ta dubi murfin, ta dubi ruwan da ke taruwa a wuyan bidon yana silalewa ƙarƙashin ledar, sai ta ajiye bokitin a hankali ta zauna a dakalin zaure.

"Ni ce ke nan," ta ce. "Wata bakwai ina zagin Idi."

Munkaila ya so ya daure, amma dariya ta ci ƙarfinsa, ya yi ta yi har ya dafa bango. Balki ta harare shi, idonta ya ciko, sannan ita ma ta kama. Da suka lafa ta goge ido da gefen mayafi.

"Bidonka ne na ruwan sha, Malam. In ka tafi ba mai shan ruwansa, shi ya sa na mai da shi na gazuwal. Hannuna ya saba, da safe sai na jiƙa wani abu."

Wannan bai ba shi dariya ba. Tausayinta ya kama shi, da kunyar shekarun da bai taɓa tambayar yadda safiyarta take ba in ba ya nan. Ya ce mata maganar ta tsaya a zauren, in an tambaya a ce murfi ne ya tsage, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Ranar kasuwa gazuwal yana cikin sabon bido mai murfi lafiyayye, a inuwa, a bushe. Tun hantsi injin ke ruri, ƙorai sun yi layi har bakin hanya, kofin gilashi ba ko ɗigo a ƙasansa. Motar 'yan ci-rani ta tsaya a ƙofar gida ta yi ham, direba ya leƙo yana kiran Na-Teku ya fito da jaka. Munkaila ya fito daga rumfa fari fat da gari har gira, ya ɗaga musu hannu, ya ce su gaida Legas.

Da motar ta wuce Balki ta fito da tsohon bidon. Ta wanke shi da toka da omo ya fi sau goma, buhunsa a jiƙe. Ta zuba a moɗa ta miƙa masa. Ruwan yana ɗan warin gazuwal, kuma da alama zai daɗe yana yi. Munkaila ya shanye, ya miƙa mata moɗar ta ƙara.