Abin da Aka Faɗa wa Mai Awo

Shekara tara kogin garinmu bai ga ruwa ba, sai yashi da ƙasusuwan tumaki. Duk da haka hukuma ta ce a sabunta allon sunan garin da ke bakin hanya, aka ɗora min aikin. GUNDAWIRRA, a ƙasa kuma: Wurin Hutawa. Ma'anar sunan ke nan, haka aka koya mana a makaranta.

Ina kan tsani da rana tsaka, ƙudaje sun addabe ni, sai ga Anti Dulcie da sandarta. 'Yar asalin ƙasar ce, kakanninta na nan tun ba a san wata aba wai ita tunkiya ba.

"Merv, har yanzu ƙaryar nan kuke shafa wa fenti?"

"Haba Anti, wace ƙarya kuma? Ko zafi ne ya taɓa ki?"

"Kai dai ya taɓa. Kakar kakata ce ta faɗa wa Bature mai awon ƙasa kalmar nan. Ta tarar ya kafa tanti a kwarin kogi, ta yi ta nanata masa ita da harshenmu. Gogan naka ya zaro littafi ya rubuta, wai sunan wurin ke nan."

"To me take cewa?"

"Cewa take: tashi daga nan."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Sai na tuna rediyo ya ce an tafka ruwa can arewa mai nisa, mako uku ke nan. Ruwan can kuwa ba shi da hanya sai kogin nan.

Ta nuna ƙafar allon da sanda. Tururuwa ce baƙa ƙirin, tana hawa ɗauke da ƙwai, har ta kan ɗanyen fentina.

"Ina Raelene?" in ji ta.

Tun safe matata Raelene ta kora tumaki cikin kwarin, can kaɗai ciyawa ta rage. Ni na ce ta je. Ta so ta ƙi, na ce ta cika tsoro. Waya kuma ba ta kamawa a can.

Iska ta juyo daga arewa da sanyi-sanyi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka. Wani tsoro ya kama ni wanda ban taɓa jin irinsa ba.

Na diro, gwangwanin fenti ya kife. Ina ta kokawa da makullin mota, Anti Dulcie ko kallona ba ta yi ba. Ta fuskanci kwarin, ta tattaro duk muryar da ta rage mata, tana ta ƙwala kiran sunan garinmu.