Rigar Ruwan Mai Hatimi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na wurinki.

Akwai wani dattijo a ofishin rajistar filaye, ana ce masa Mai Hatimi, don duk takardar da bai buga wa hatimi ba, ba ta zama takarda ba. Shekara talatin da huɗu yana aikin gwamnati ba a taɓa rubuta masa gargaɗi ba, saura wata biyu ya yi ritaya. Burinsa ɗaya: ya fita da fayil fari tas.

Sai matarsa, ungozoma ce da ta ajiye aiki, ta tsaya takarar kansila. To dokar aiki ta hana ma'aikaci tallar ɗan takara, ko shiga ofis da hotonsa. Mai Hatimi ya riƙe dokar nan gam. In mata suka cika falo da taro, ta ƙofar baya yake shiga gidansa kamar ɓarawo.

"Yaya, ko tafi ɗaya ba za ka yi mana ba?" in ji ƙanwar matar, wadda ke jagorantar kamfe.

"Ƙuri'ata taku ce. Hannuwana na gwamnati ne."

Wata Litinin aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga shi ya makara. Ƙanwar ta ware masa rigar ruwa ta bayansa, ya zura hannu bai duba ba, ya hau babur. Duk inda ya gifta sai ihu da tafi. A ransa ya ce, ashe mutane sun san darajar tsohon ma'aikaci! Har hannu yake ɗaga musu.

Ya shiga ofis, masu layi suka kwashe da dariya. Ashe fuskar matarsa ce shimfiɗe a gadon bayansa, tana murmushi, an rubuta KU ZAƁI UWARMU.

Shugabar ofis ta kira shi, takardar gargaɗi a gabanta, biro a hannu.

"Baba, kai da kake koya wa sababbi doka?"

"Ranki ya daɗe, wallahi ban gani ba. Ido a gaba yake."

"A ce mutum ya sa riga bai san abin da ke jikinta ba? Miƙo nan."

Ta ce wa sakatare ya ware mata kamar yadda aka ware masa. Ta zura hannu, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta juya kamar mage mai bin wutsiyarta. Ba ta ga komai ba. Tana cikin juyin sai ga mai shara ta turo ƙofa, layin mutane duk suna leƙe.

"Ikon Allah! Shugaba, ashe ke ma tamu ce?"

Shugaba ta tsaya cak. Sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur.

"Baba, in na rubuta maka, sai na rubuta wa kaina." Ta yaga takardar. "Amma rigar nan ta kwana a kabad har a gama zaɓe."

Ya koma gida a jiƙe sharkaf, yana waƙa.

Matarsa ta ci kansila. Ƙanwar har yau tana rantsuwa kuskure ne, ba wanda ya yarda. Shugaba ba ta ƙara gwada rigar kowa ba. Mai Hatimi kuwa ya yi ritaya da fayil fari tas, ya karɓo rigarsa, yanzu ko rana ake ƙwallawa sai ya sa ta.