Katakon da Aka Aro Daga Masallaci

An yi mini aikin baya a Hartum a shekarar 1971, bayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙuguna ya zame ya danne jijiyar ƙafata ta hagu. A lokacin ban daɗe da karɓar difiloma ba, ina aikin auna ruwa a madatsar ruwa ta Makwar. Ranar da za a sallame ni, likita, wanda mutanenmu ke kira hakim, ya ba ni umarni biyu. Na farko, in kwanta a kan abu mai tauri wanda ba ya lotsawa, kuma idan za a juya ni, a juya ni gaba ɗaya kamar gungumen itace. Na biyu, da zarar ciwon ya kame in fara takawa, domin ƙafar da aka bari a kwance tana iya shanyewa har abada.

Umarnin farko na riƙe shi hannu bibbiyu. Na biyun kuwa tsoronsa nake ji, saboda a ɗakin da na yi jinya na ga wani mutumin garin Kamlin ya miƙe tsaye yana murmushi, ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗauke shi ba ya jin komai daga cibiya zuwa ƙasa.

Yayana Mahmud ne ya kawo ni ƙauyenmu da ke gaɓar kogi, kudu da Sinnar, ina kwance a bayan lori. A nan matsala ta fito. Kowane gida a kan angarib ake kwana, gadon igiya mai lotsawa da mutum, kuma mahaifiyarmu, Inna Barakatu, ta ce ba za a shimfiɗe mai ɗanyen ciwo a ƙasa inda kunama ke yawo ba. Mahmud ya fita. Bai jima ba ya dawo da wani dogon katako baƙi, mai faɗi, ya ɗora shi a kan angarib.

"Ina ka samo wanga?" in ji Inna.

"Aro na yi."

"Wurin wa?"

"Inna, hakim ya ce katako. Ga katako."

Ta daɗe tana kallon katakon, sannan ta shimfiɗa zane a kai. Da aka kwantar da ni, sai na ji bayana ya sami natsuwar da bai samu ba tun a asibiti. Bayan ɗan lokaci kuma hancina ya fara ɗauko wani ƙamshi daga cikin itacen, na kafur da ganyen magarya. Na lalubi gefen katakon da yatsa, na ji an sassaƙa masa siririyar hanya daga sama har ƙasa, irin wadda ruwa ke bi. Katako ɗaya ne a ƙauyenmu mai wannan hanya. Ana jingine shi a bayan masallaci, kuma a kansa ake yi wa mamata wanka.

Na kira Mahmud na gaya masa na gane.

"Kai da ka yi karatu har Hartum, icce kake tsoro?" ya ce. "To tashi ka nemo wani, ya ustaz."

Na auna maganar ta kowace fuska, na ga katakon ya cika duk sharuɗɗan likita.

Saura juyawa. Mahmud da Inna sun gwada sau ɗaya, na yi ƙarar da ta tara maƙwabta. Ga shi tsinkar auduga ta kama, duk mai ƙarfi a gidan yana fita hawasha, gonar da ake nomawa da ruwan rani, tun da sassafe har la'asar. Saboda haka mai kula da katakon ya ce zai riƙa leƙo ni. Sunansa Baba Abdulmuttalib, dattijo ne siriri marar yawan magana, kuma shi ne ke wanke duk namijin da ya rasu a ƙauyen tun kafin a haife ni.

Da tsakar rana yake zuwa, lokacin da ƙauyen ya yi tsit, ba a jin komai sai kukan kurciya. Yakan shigo da buta da ƙwarya. Hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ƙuguna, sai in ga na juya ba tare da na ji ko ɗigon zafi ba. Kullum a kan gefen dama yake barina, fuskata ga alƙibla. Idan zai goge mini jiki, da alwala yake farawa, sannan ɓangaren dama, sannan hagu, yana motsa leɓe da wata addu'a a hankali. Idan ya gama sai ya miƙar da hannuwana a gefen jikina, ya haɗa ƙafafuna wuri ɗaya.

Wata rana da ya gama, sai ya shafa tafinsa a fuskata daga goshi zuwa ƙasa, ya rufe mini idanu.

"Baba," na ce, "ina da rai fa."

"Astagfirullah!" Ya janye hannun, ya duba shi. "Ka yi haƙuri, Sa'idu, hannu ne, ya saba. Kai ne na farko da ya taɓa yi mini magana bisa katakon nan." Ya ɗauki butarsa. "Kuma kana da surutu."

Matan da ke zuwa gaishe ni ba sa wuce bakin ƙofa. Sukan rage murya, kuma Inna suke yi wa sannu, ba ni ba.

Ciwon ya kame, ɗinkin ya bushe. Na san lokacin umarni na biyu ya yi, amma kowace safiya ina da hujjar da za ta sa in bari sai gobe, kuma hujjojina masu kyau ne, domin ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Ƙafata ta hagu ta fara tsukewa. Idan na taɓa ta, sai in ji kamar ƙafar wani nake taɓawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu, idan na tuna, shi ne kwanciyar ta daina damuna. Hannuwana da kansu suke komawa gefen jikina. Ƙuda yakan sauka a leɓena in bar shi.

Ran nan Baba Abdulmuttalib ya shigo babu buta, babu ƙwarya. Ya tsaya wajen ƙafafuna.

"Gobe ana bukatar katakon," ya ce.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu tukuna."

"To wa ke kwance ba lafiya?"

"A garin nan? Kai kaɗai na sani."

Na tambaye shi yadda aka yi ya san za a bukaci katakon.

"Hannuna ya kwana da sanyi. Tun ina saurayi haka yake yi mini idan aiki ya matso." Ya faɗi wannan kamar mai ba da labarin ciwon gwiwa. "In ka sauka, in ɗauka in kai masallaci. In ba ka sauka ba, halas, shi ke nan, ka hutar da ni ɗauka, sai in kawo ruwan wankan nan ɗakin."

Ya fita ya zauna a gindin bishiyar da ke tsakar gida. Can sai na ji sautin ɗan turmi, a hankali, ba gaggawa. Ƙamshin ganyen magarya ɗanye ya shigo ɗakin.

Na yi ƙoƙarin yi wa kaina bayani irin na mai ilimi. Na ce sanyin hannun tsoho daga jini yake, ba ya sanin gobe. Bayanin ya gamsar da ni sarai, amma turmin bai daina ba. Na ƙwala wa Mahmud kira, ko da yake na san yana can cikin auduga.

Sai na bi yadda aka koya mini a asibiti. Na mirgina gefe gaba ɗaya, na zuro ƙafafuna ƙasa, na tura jikina sama da gwiwar hannu. Ɗakin ya juya da ni. Na ga fuskar mutumin Kamlin yana murmushi. Na kama bango, na miƙe, ina jiran in ji wani abu ya tsinke a bayana. Ƙafar dama ta ɗauke ni. Ta hagu tana rawa kamar kara cikin ruwa, amma da na dangana nauyina a kanta, wani zafi ya taso daga diddige har ƙugu, kamar an zuba mini barkono a jijiya. Ban taɓa murna da zafi ba sai ranar. Ina bin bango, ina jan ƙafar, har na kai bakin ƙofa, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Turmin ya tsaya. Baba Abdulmuttalib ya raɓa ni ya shiga, ya yaye zanen, ya ɗora tafinsa a kan itacen.

"Ka bar masa ɗumi," ya ce. Ya saɓa shi a kafaɗa ya fice.

Da la'asar Inna ta dawo da ƙullin auduga a ka, ta same ni tsaye riƙe da ƙofa. Ta saki ƙullin, ta yi ta salati tana kuka. A tabarma na kwana, Mahmud ya zagaye ni da toka saboda kunama.

Washegari na ari sandar Mahmud na nufi masallaci, ina hutawa a jikin kowace katanga. Katakon yana jingine a wurinsa, a bushe. Ba wanda ya rasu a ranar, ba kuma wanda ya rasu a makon. Duk da haka kowace safiya sai na je na duba, da sanda da farko, daga baya ba sanda.

Wata rana da na makara, na tarar da Baba Abdulmuttalib zaune kusa da shi, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ka ce gobe."

"Na ce."

"Amma ba a bukace shi ba."

Ya miƙo mini hannunsa na dama. "Taɓa ka ji."

Na taɓa. Rana tana tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, hannun kuwa kamar yanzu aka tsamo shi daga randa. Na yi masa sallama na wuce, ban tsaya hutawa ba sai a bakin kogi.