Fuskar Inna a jikin butar shayi

Hoto ɗaya na je nema, na fuskar Inna, in rataya a falona. Autanmu mai ɗaukar hoto ne, kuma shi ya zauna da ita wata ukun da ta yi tana jinya kafin ta rasu, ni aiki ya riƙe ni a nesa.

Tun daga ƙofar ɗakin aikinsa wari ya tare ni. Kan tebur ga gwanda ta ruɓe ta zube, gefe ga kan kifi tsutsa na fita ta idonsa. Ya haska musu fitilu sai ka ce wasu manyan baƙi. Na toshe hanci da mayafi.

"Kar ki taɓa, Yaya. Kwana tara nake jira ta kai haka."

"Allah ya shirye ka. Ina hoton Inna?"

Ya buɗe kwamfuta yana washe baki. Kwalaben maganinta. Haƙoranta na roba cikin gilashi. Ayabar da ta kasa ci, ta yi baƙi ƙirin. Wai zai baje su ne mutane su gane komai mai ƙarewa ne, kamar mu da muka yi rashin ba mu sani ba.

"Fuskarta nake tambaya, Auta."

"Ai ni ba na ɗaukar mutane."

Raina ya ɓaci matuƙa, amma na ja kujera na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Can na iske wani: busasshen fure, kofin ruwa, da butar shayi mai sheƙi. Jikin butar ya kamo ɗakin kamar madubi.

"Ƙara girman nan," na ce.

Inna ce a kan gado, bakinta a buɗe, ta miƙo hannu wajen teburin. Kofin ruwanta ne Auta ya ɗauke ya jera a can don hotonsa. Na danna na gaba, haka. Na gabansa ma haka, sai dai hannun na ta yin ƙasa. Hoto goma sha bakwai kafin ta haƙura.

"Hasken ne ya yi kyau lokacin," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Na ba ta ruwan daga baya. In buga miki shi?"

Na ce ya buga, don ba ni da wani.