Na Gaji Amira

Kalmomi uku ne jal suka jefa Bilƙisu cikin wannan rigima, kuma a tsaye ta rubuta su, a kasuwar Aziziya, ga buhun albasa jingine da ƙafarta, rana na dafa ta a cikin baƙar abaya.

Bilƙisu 'yar Zariya ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a a nan Riyad, gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunta. Mijinta Sha'aban aikin sito yake yi a Birnin Masana'antu na Biyu, irin aikin da ba a barin mai shi ya ajiye iyali da sunansa. Wato dai zamanta a ƙasar nan a kan takardar karatu yake. Ranar da karatu ya ƙare, iƙama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, sai jirgi, shi kuma a bar shi da tukunyarsa. Mafita ɗaya ce, ta samu shiga digiri na biyu. Shiga digiri na biyu kuwa sai da tazkiyya, takardar shaidar hali da wata malama a tsangayarsu ke rubutawa. Malamar nan ba ta san kowa ba, sunayen da shugabar ƙungiyar ɗalibai mata ta kai mata kawai take sa wa hannu. Ranar Lahadi za a kai sunayen bana.

Ƙungiyar kuwa, Zumuntar Ɗalibai Mata 'Yan Najeriya da Nijar, mata talatin da ɗaya ne, amma dokokinsu ashirin da biyu. Waɗanda suka rubuta dokokin sun gama karatu tuni, sun koma gida sun yi jikoki, sun bar na baya da takarda a cikin leda. Ba a fitar da maganar ƙungiya waje. Ba a ƙorafi a guruf ɗin waya. Ba a neman kujera kafin lokacin zaɓe. Duk wadda aka dakatar, sunanta ba ya shiga tazkiyya. Shekara uku Bilƙisu tana bin dokokin nan kamar karatun sallah, har aka ba ta kwamitin girki. Kwamiti dai sunansa kwamiti, amma in ka leƙa cikinsa ita kaɗai za ka tarar.

To, ran nan Alhamis, ta fito daga jarrabawa ko gida ba ta biya ba, ta wuce kasuwa sayayyar taron Asabar. Ta gama ke nan sai waya ta yi ƙara. Amirar ƙungiya ce, Anti Shafa'atu, ta rubuto a guruf:

"Uhti Bilƙisu, tunda kina kasuwa ki ƙaro tattasai da zoɓo, baƙi sun ƙaru. Jazakillahu hairan."

Bilƙisu ta dubi buhun albasa, ta dubi layin masu tattasai can ƙarshen rumfa. Da babban yatsa ɗaya ta buga: Na gaji Amira. Ta jefa wayar a jaka.

Ba waƙafi. Nan ne fa gizo yake saƙar, in ji masu boko, ko da yake ni ban ga abin da ɗan ɗigo mai wutsiya zai iya ba sai a kan wannan magana. A baki ai ba mai ruɗewa. Wanda ya gaji da aiki daban muryarsa, wanda ya gaji ubansa daban, ɗaya a taƙaice ɗaya da ja. Amma rubutu ba shi da murya.

Akwai wata yarinya a ƙungiyar, Mahbuba, haihuwar Riyad, Larabci kamar ruwa, Hausa kuwa sai ta aike da ta cin abinci. Ita ta fara ganin saƙon. Ta je ta sami uwarta a kicin.

"Umma, idan an ce na gaji wane, ya'ani me?"

"Ya hau kujerarsa ke nan, ya ci gadonsa. Wa ya gaji wa?"

Mahbuba ba ta tsaya ba da amsa ba. Ta rubuta a guruf, "Alf mabruk ya sabuwar Amira!" wato barka sau dubu, ta jera furanni har layi biyu. Wasu uku suka bi ta da mabruk, don mata ba sa son a riga su. Sai wata mai zurfin tunani ta tuna cewa ba a gadon mai rai, ta rubuta, "Innalillahi, me ya sami Anti Shafa'atu?" Kafin a ankara, an sami wanda ya bugo wa mijin Shafa'atu waya daga Makka yana yi masa ta'aziyya, bawan Allah yana tsakiyar tuƙi, matarsa kuwa tana gida tana wanke-wanke.

Sakatariya Zouera, mutuniyar Maraɗi, ita ta kulle guruf. Ta kuma aiko wa Bilƙisu sammaci: Asabar bayan la'asar, gidan Amira, a Ulaisha.

Bilƙisu ba ta ga duk wannan ba sai da ta isa gida ta sauke kaya. Ta zauna a kan buhun albasa ta karanta tun daga sama har ƙasa. Ta so ta yi dariya, ba ta da ƙarfinta.

Gidan Anti Shafa'atu hawa na uku ne a wani tsohon bene, lif ɗinsa ya mutu tun kafin a haifi Mahbuba. Bilƙisu ta hau da kula biyu na shinkafa, don sammaci bai soke girki ba. A falo ta tarar da su bakwai a kan kafet, na'urar sanyi tana gurnani tana ɗigar da ruwa a bokiti. Amira na zaune a kusurwa, ta miƙe ƙafa, idanunta sun faɗa. Zouera ta ɗora takardar dokoki a cinya kamar za ta biya allo.

"Bilƙisu, zauna nan. Mi kinka rubuta ran Alhamis?"

"Kin gani ai, Malama Zouera."

"Na gani. So nike in ji da bakinki, don rubutun naki hanya biyu gare shi. In gado kinka ce, doka ta huɗu ta kama ki, neman kujera ba lokaci ba. Kora ce. In gajiya kinka ce, doka ta tara, ƙorafi cikin guruf. Dakatarwa ta wata ukku."

"Wata uku ai ya wuce Lahadi."

"Ya wuce."

Mahbuba ta ɗaga hannu kamar a aji. "Wallahi ana asfa, a yi haƙuri, Anti. Ni na ɗauka farin ciki ne."

"Ke dai yi shiru," in ji wata daga baya, "kin kashe mata, kin naɗa wata, duk kafin a kira la'asar."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Zouera ba ta yi ba. Amma ba muguwa ba ce, Allah ya sani, doka ce kawai ta shige mata jini. Ta matso kusa, ta rage murya yadda kowa zai ji.

"Akwai hanya ta ukku. Ki ce waya ce ta gyara miki rubutu. Na gode Amira kinka so ki rubuta, ita ta maishe shi na gaji. Wayoyin ga suna yin haka. Sai in rubuta kuskuren na'ura, mu ci shinkafa, kowa ya tafi gida."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ai kuwa, rannan ma wayar wance ta mai da Sani ya koma Sanyi. Hanya ta buɗe fili, ba wadda za ta ce uffan. Kowa a ɗakin ya san ƙarya ce, kowa kuma a shirye yake ya gaskata.

Bilƙisu ta buɗe baki za ta faɗa. Na gode. Kalma biyu, ga tazkiyya, ga Sha'aban, ga zamanta. Sai ta fasa. Ba taurin kai ba ne, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Ta hango ne kawai cewa in ta ce na gode yau, to ta gode ke nan har abada, kowace Alhamis tana Aziziya tana godiya da buhu a ka.

"Ba waya ba ce," ta ce. "Ni ce. Gajiya nake nufi."

"Bilƙisu, ki yi tunani."

"Na yi, Malama. Na gaji. Shekara uku ni ce kasuwa, ni ce tukunya, ni ce wanke kula. Ranar da na faɗi jarrabawar nahawu, daren jiyanta waina na soya ta mutum sittin. Na zo in faɗa a taro, aka ce ba ya cikin ajanda. Na ce a sa shi, aka ce sai an rubuto ta hannun shugabar kwamiti. Ni ce shugabar kwamitin! In rubuta wa kaina? A gida ba na faɗa wa mijina, doka ta hana fitar da magana. A guruf an hana. To a ina mutum zai ce ya gaji? A banɗaki?"

"Dokokin ga su sunka riƙe mu," in ji Zouera. "Ƙasar mutane muke. In kowa ya faɗi abin da ke bakinai, wata guda ba mu yi ba mun watse."

"Ban zagi kowa ba. Ban ce a sauke kowa ba. Jikina na ba da labari."

Zouera ta cire murfin biro a hankali, kamar mai jiran a hana ta.

"To, doka ta tara ke nan. Sai in rubuta."

"Dakata."

Amira ce. Ta janyo ƙafafunta da ƙyar, ta gyara zama.

"Zouera, wa aka rubuta wa saƙon nan?"

"Ke, Amira."

"To ni ke da fassara. Ni gado na karanta."

"Anti!" in ji Bilƙisu. "Yanzu na gama cewa..."

"Na ji abin da kika ce. Baki daban, rubutu daban, mu kuwa da rubutu muke aiki, ko ba haka ba Sakatariya? Karanto min ta huɗun."

Zouera ta karanta. Ba a neman kujera kafin lokacin zaɓe.

"Nema aka hana. Ita ba ta nema ba. Cewa ta yi ta gada, an gama. Ni kuma mai kujera ban musa ba. Akwai dokar da ta hana Amira ta ƙi musawa?"

Zouera ta bi takarda da yatsa daga ɗaya har ashirin da biyu, ta juya bayanta, ta dawo.

"Babu."

"Alhamdulillahi." Shafa'atu ta sauke wata ajiyar zuciya da ta daɗe tana neman hanya. "Shekara biyar, 'yan'uwa. Zaɓe uku ana yi, ba mai tsayawa, sai a ce Anti ki ƙara haƙuri. Digirina na uku ya tsaya a babi na biyu. Ran Alhamis da aka yi wa maigidana ta'aziyyata, wallahi abin da ya fara zo min shi ne, ashe da na huta. Ni ma dokar taran nan ta hana ni faɗa. Ga wadda Allah ya kawo da ƙafarta."

Ta miƙa hannu bayan kujera ta jawo wata baƙar jaka mai kumburin ciki, zip ɗinta ya ɓalle, takardu na leƙowa. Ta tura ta gaban Bilƙisu da ƙafa.

"Hatimi na ciki. Sunayen tazkiyya ke za ki kai ran Lahadi, ƙarfe tara, kada ki makara, malamar ba ta jira. Sunan Amira shi ke fara zuwa a sama, haka aka saba."

Mahbuba ta dubi wannan ta dubi waccan. "Ya'ani... mabruk ɗina daidai ne?"

"Daidai ne, 'yar nan. Ke kaɗai kika iya Hausa a ɗakin nan."

Bilƙisu ta tsaya tana kallon jakar. Tana iya ƙi. In ta ƙi, biron Zouera a buɗe yake. Ta tuna Sha'aban da yadda yake cin abinci a tsaye in ba ta nan. Ta sa hannu ta ɗauka. Ta fi buhun albasa nauyi.

"Girkin fa?" ta ce. "Wa zai karɓa?"

Nan take kowa ya sami abin dubawa a wayarsa.

"Amira ke naɗawa," in ji Zouera. "Kafin ki naɗa, mai riƙo ta ci gaba."

Aka ci shinkafa, aka yaba gishirinta, aka yi addu'a. Bilƙisu ta sauko bene da kula biyu a hannu ɗaya, jaka a ɗayan, tana hutawa a kowane hawa. A bakin titi ta tsaya jiran mota, zafi na tasowa daga kwalta ko da yamma ta yi. Ta ga Zouera ta riga ta mai da ita admin. Ta buɗe guruf, ta yi rubutu a hankali, tana duba kowane ɗigo sau biyu:

"Assalamu alaikum. Daga yau, duk wadda ke da abin da ya dame ta, ta faɗa a nan. Ba za a hukunta kowa ba."

Ta shiga mota, ta jingina kai da gilashi, ta lumshe ido. Ba su kai fitilar ba da hannu ta farko ba waya ta fara rawa a cinyarta. Wata ta ce lokacin taro bai yi mata ba. Wata ta ce ana fifita 'yan Kano. Wata ta ce shinkafar yau ta yi ruwa, da ma tun bara take son faɗa. Kafin su fita Ulaisha saƙo arba'in da uku, kowanne ya fara da "Amira, don Allah". Na ƙarshe saƙon murya ne daga Anti Shafa'atu, minti goma sha ɗaya.

Direba ya dube ta ta madubi ya tambaya ko ya rage rediyo.

"Bar shi," ta ce. Ta sa waya a kunne ta danna.