Dukan da Ke Cikin Kalma

Aikinta sanarwa ne a tashar jirgin ƙasa. Takan faɗa da harshen gari, ta maimaita da Turanci saboda baƙi. Abokan aiki Lasifika suke ce mata.

Ranar da wani dattijo baƙo ya rasa jirginsa, shugaban tasha ya kira ta ofis. Da take faɗin mintin tashin jirgin, ita "thirteen" ta ce, shi kuwa "thirty" ya ji, ya miƙe ƙafa yana shan shayi har jirgi ya wuce.

"Turancinki ba kuskure," in ji shugaba, "amma jera shi kike kamar bulo, kowace gaɓa nauyinta ɗaya. Ko ki gyara, ko ki koma sayar da tikiti."

"Zan gyara, ranka ya daɗe."

Daga tasha gidan mahaifinta ta nufa, tsohon makaɗin badujala da ya yi ritaya. Ta taka kujera ta sauko da gangarsa daga kan kabad, ta kakkaɓe ta, ta kunna labaran Turanci a rediyon da ta zo da shi.

"Baba, buga mini abin da kunnenka ya ji."

"Ni da Turancina bai wuce na fareti ba?"

"Ba ma'ana nake nema ba. Kiɗan nake so."

Tsoho ya karkata kai ya saurara. Can yatsunsa suka fara: dum, ta-ta, dum, ta.

"Wannan mutumin ba tafiya yake ba, tsalle yake," ya ce yana dariya. "Ya taka nan da ƙarfi, ya haɗiye na tsakiya, ya dira can."

Ta faɗi kalmomin nan biyu, "thirty" da "thirteen", kamar yadda mai labarai ke faɗa, Baba ya buga. A ɗaya dukan yana farko, a ɗaya yana ƙarshe. Ta dafe kai. Ashe nan gizo ke saƙa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Tun tana firamare aka hore ta da ba kowane harafi haƙƙinsa, yanzu haɗiye gaɓa sai ta ji kamar rashin ladabi. Amma ta ƙi saki. Tana wanke-wanke tana buga cokali a bakin tukunya, tana hawa matakala tana dira kan gaɓa mai nauyi. Mijinta ya ce ya auri ma'aikaciya, ga shi an musanya masa da makaɗiya. Ta ce ya yi haƙuri, in ta ƙware shi za ta fara yi wa waƙa.

A wurin aiki takan cire takalmi ɗaya, babban yatsa na dukan ƙasa a ƙarƙashin tebur. Wata safiya ta yi sanarwa, ta hango baƙi ta gilashi sun miƙe lokaci guda, ba mai tambayar na kusa da shi. Shugaba ya wuce ta ƙofarta, ya ɗaga mata hannu.

Rediyon dai Baba ya hana ta ɗauka. Kullum da hantsi shi da mai labarai suke fareti, yana bin sa da ganga, maƙwabta har sun gaji da kawo ƙara.